Ranar da Inuwar Tsoho Ta Yi Ƙaura

Wata safiyar Talata cikin bazara, inuwar dutsen Zangon Kirya ta naɗe kanta kamar tabarma, ta kama hanya.

Tasalla mai daddawa ce ta gani da idonta. Ta fito da ƙugiya za ta tsinko ɗorawa a gindin dutsen, sai ta ji rana ta dake ta a goshi, alhali kullum inuwar nan kan rufe gari har hantsi. Ta duba, ta ga bakin inuwar yana janyewa daga kan rufin ɗakuna, daga masallaci, daga rumfunan kasuwa, yana naɗewa yana yin arewa.

Sai an san mutanen garin kafin a gane abin da ya kore ta. Dutsen nan shi ya ɓoye kakanninsu a kogunansa zamanin yaƙi, shi ke ba su ruwa daga wani ido da ke gefensa na gabas, da zuma, da ciyawar shuci ta rufin ɗaki. Saboda tsabar ƙauna sai suka yi masa alkunya irin wadda uwa ke yi wa ɗan fari. Ba a yabonsa gaban baƙo, ba a kiran sunansa, Tsoho kawai ake cewa. In wani ya yi suɓutar baki ya fara ambaton sunan, kowa sai ya sa hannu ya toshe kunne. Ana cewa wannan ita ce tarbiyya. To, tarbiyyar ta yi kyau har ta kai babu mai rai ko ɗaya da ya san sunan.

Ana nan wasu baƙi masu hular kwano suka zo da na'urar awo, suka faɗi gaban Dagaci Jatau.

Babbansu ya ce, “Ranka ya daɗe, mene ne sunan dutsen nan? Kuma na wane ne?”

Dagaci ya sunkuyar da kai yana murmushi. “Wannan? Ai tarin duwatsu ne kawai, samari. Ba shi da suna. Ba ruwan kowa da shi.”

Dattawa suka gyaɗa kai, sun ji daɗin wannan ladabi. Baƙo ma ya ji daɗi, ya ce madalla. Ba a jima ba sai ga katafila da manyan motocin kamfanin fasa dutse.

Gari ya tashi tsaye, ba za a ce bai tashi ba. Aka kafa ƙungiya, aka ba Malam Dogara tsohon hedimasta shugabanci. Ya yi ta zarya ofis-ofis har takalminsa ya cinye, ko'ina amsa guda ce: “Ai dagacinku da bakinsa ya ce ba na kowa ba ne.” Mata suka jera turame a kan hanya suna daka, mota ba ta wucewa. Samari suka dasa itatuwa a inda aka share. Liman ya yi alƙunutu. Duk da haka injin huda dutse bai daina kuka ba.

Shi ya sa da Tasalla ta ga inuwa ma za ta tafi, ba ta tsaya neman shawara ba. Mace ce mai kaifin baki, ta yi jika, miji ya rasu, ba ta da wanda za ta tambaya izini. Ta ruga ta kafa ƙugiyarta a jelar inuwar.

“Ina za ki, 'yar nema? Wa ya sallame ki?”

Inuwa ta fizge ta. Gonaki suka wuce, fadama ta wuce, suka shiga wani daji da itatuwansa ke tsaye da saiwa a sama. Suka ratsa wata ƙasa inda iska ke da launi kamar shuni, suka gangara wani kwari, can sai ga ayari.

Mazauna dutsen ne ke ƙaura. Wata doguwar mace da ƙafarta ba ta taɓa ƙasa tana ɗauke da idon ruwa a cikin ƙwarya, yana ta ɓuɓɓuga bai zuba ba. Wani mai ƙaho ya goya ƙudan zuma cikin salka. A baya ga wata ramammiyar tsohuwa an ɗaure mata baki da ƙyalle, ita ce Amsa-kuwwa. Jagoransu wani tsohon agwada ne, dabbar nan mai zama a kogon dutse, girmansa ya kai maraƙi, gashin bakinsa fari fat.

Agwada ya tsaya ya ce, “Ya ke 'yar Adam, wa ya gayyace ki ƙaurar da ba ta danginki ba?”

Tasalla ta gyara ɗaurin zane. “Ba a gayyatar mutum bin kayansa, ya shugaban ayari.”

“Kayanki? Muna cikin kogo muna saurare aka ce ba ruwan kowa da mu. Ba mu ji wanda ya yi tari ba.”

“Alkunya ce.”

“Mu ba mu san ta ba. Abin da aka faɗa shi muke ji. In kina da ƙara, sai gaban Magajiyar Kogo, in Kogin Tsakuwa ya bar ki.”

Ba su yi nisa ba ta ji wani ruri kamar ana niƙa a dutsen niƙa dubu. Kogi ne, amma ba ruwa, tsakuwa ce ke gudu tana nishi. Agwada ya ce wannan naman duwatsun da aka riga aka fasa ne, kuma ba ya ɗaukar mai ƙarya. Ayari suka haye abinsu. Tasalla ta tuɓe takalmi ta sa ƙafa.

Tsakuwa ta yi magana daga ƙarƙashinta. “Ke mai kukan dutsenki, da me aka yi daɓen ɗakinki?”

Ta ce, “Da siminti.”

Ta nutse har gwiwa.

“Da siminti da me?”

“Da tsakuwa! Tifa ta kawo, ni na saya.”

“Daga ina tifa ta ɗebo?”

Ta so ta ce ba ta sani ba, ta ji kwankwasonta ya fara shiga. Ta ce, “Daga dutsen wasu mutane. Na ji an faɗa, ban damu ba, tunda ba namu ba ne.”

Kogi ya yi wani dogon nishi, ya tofar da ita a ɗaya gaɓar, ƙafafunta duk jini.

A gaban gaɓar wani fili ne fetal, ba tudu ba itace, amma ko'ina inuwoyi ne kwance, manya da ƙanana, babu abin da ke yin su. Tasalla ta taka ɗaya ta ji sanyi har ƙashi. Agwada ya ce, “Taka a hankali. Inuwoyin duwatsun da suka ƙare ne. Nan taku za ta kwanta.”

A tsakiyar filin Magajiyar Kogo ke zaune. Fuskarta falalen dutse ce mai tsaga-tsaga, gashinta saiwar ceɗiya, jemagu na barci a kafaɗarta. Tasalla ta durƙusa.

“Allah ya ja zamanin uwar masu kogo. Na zo biko.”

Magajiya ta ce, “Biko ake yi wa wadda aka san sunanta. Ya ke 'yar Adam, faɗa mini sunan gidan da kike so mu koma.”

Tasalla ta sunkuyar da kai, don ba ta san shi ba. Magajiya ta ci gaba.

“Kakanninki suka raɗa masa suna ranar da suka fito daga kogo da ransu. Sun yanka bijimi, mun ci tare. Daga nan muka yi ta jira mu sake ji. Mun ji kuna kiran akuya da suna, kuna kiran kare da suna. Mu kuwa sai Tsoho, sai wancan.”

“Ranki ya daɗe, a wurinmu abin da aka fi so shi ake ɓoyewa.”

“Kun ɓoye shi har ku kanku kun rasa inda kuka ajiye. Wace irin ƙauna ce wadda wanda ake yi wa ba ya jin labarinta?”

Tasalla ta kai goshinta ƙasa. Can ta ce, “Mun yi kuskure. Amma ga mata can zaune cikin rana kan turame. Ga tsoho ya cinye takalminsa. In ba ƙauna ba ce, ki gaya mini sunanta.”

Jemagu suka motsa. Magajiya ta dube ta, sa'annan ta ce, “Ga sharaɗi. Duk maganar da ɗan Adam ya haɗiye ba ta ɓata, tana Rumbun Haɗiyayyu. Je ki nemo sunan, ki ɗauko shi a bakinki. Shi zai zama farkon abin da zai fito daga bakin nan, in kika furta wani abu kafinsa, ya zube. Sau ɗaya zai fita, kuma in ya fita ya bar ki. Ki faɗe shi gaban mutanenki, su amsa da ƙarfi. Abin da suka amsa, shi za mu komo wa.”

Agwada ya raka ta har bakin wani rumbu da kansa ya shige gajimare. Mai tsaronsa wani halitta ne ba shi da baki sam, sai kunnuwa biyu, yana zaune a kan ɗaya ya yafa ɗaya. Maganarsa a ƙirji ake jin ta.

“Shiga, ya ke baƙuwa. Baki ɗaya gare ki, magana ɗaya zai ɗauka.”

Ciki goruna ne rataye, ba iyaka, kowanne na raɗa. Ta ji muryar maza suna cewa na gode ga matan da suka mutu ba su ji ba. Ta ji ban haƙurin da aka fasa bayarwa. Ɓangaren Zangon Kirya ya fi na kowane gari cika, har goruna na gogar juna. Tana kutsawa sai ta ji muryarta ita kanta, daga wani ɗan gora mai sabuwar igiya.

“Barira. Barira, zo in gan ki.”

Ta tsaya. Barira 'yarta ce ta fari. Tun haihuwa ba ta taɓa kiran sunanta ba, “ke” ce, ko “waccan”. Ba ta taɓa yi mata kitso gaban mutane ba. Aka kai ta aure nesa, ta rasu wurin haihuwa, Tasalla ko kuka ba ta yi a fili ba, aka yi ta yaba mata.

Mai tsaro ya ce, “In kika ɗauki wannan kika furta, za ta ji a inda take kwance.”

Tasalla ta sauke goran, ta rungume shi a ƙirji. Ta daɗe a haka. Sa'annan ta mayar da shi, ta gyara masa igiya yadda ba zai faɗo ba, ta wuce ba ta waiwaya ba.

Sunan dutsen a can ƙasa ta same shi, ƙura ta binne shi. Ƙanshinsa ya nuna mata shi, ƙanshin falalen dutse in ruwan farko ya sauka a kansa. Ta kafa baki ta shanye. Ya zauna mata a harshe da nauyi kamar ɗan dutsen niƙa.

Hanyar komowa ta bi ta kasuwar aljanu. Tun daga bakin kasuwa suka gane abin da take ɗauke da shi, suka yi mata caa.

“Ga Tasalla mai daddawar ƙasa!”

“Ai rabi kalwa rabi toka take yi!”

“Wai ita ce ta sa wa liman gudawa ranar Idi?”

Wata mai ido ɗaya a tsakar ka ta ɗaga wani ƙulli. “Ku zo ku ga daddawar ƙawarta Lantana mai ƙosai ma ta fi tata, ita da ba sana'arta ba!”

Amsa ta taso wa Tasalla har maƙogwaro, amsa mai kyau kuwa, wadda za ta kashe kasuwar. Ta cije leɓe har ya fashe, ta wuce.

Gaba kaɗan sai ga wata bukka, ga mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa zaune a ƙofa tana kaɗi.

“Tasalla, haka za ki wuce ni? Ko sannu babu? Wannan tarbiyyar na ba ki?”

Tasalla ta durƙusa har ƙasa, hawaye na zuba, bakinta a rufe. Tsohuwar ta yi ta kira, muryar na sauyawa, har ta koma kukan mujiya. Kogin Tsakuwa bai tambaye ta komai ba wannan karon, ya kwanta ta haye.

Da ta fito daga dajin nan mai saiwa a sama, sai ta ga gero ya yi kai. Ashe damina ta kusa wucewa. Ta hango dutsen tsirara cikin rana, an huda shi ko'ina, an ja wayoyin nakiya. Ranar ce za a tashi ta farko. Gari kaf ya fito ya zauna a gindinsa, maza da mata, sun ce sai dai a tashe su tare. Ma'aikatan kamfani na can nesa, sun toshe kunnuwansu da abin toshewa, suna jiran a kwashe mutane.

Lantana mai ƙosai, ƙawarta tun ƙuruciya, ita ta fara hango ta.

“La'ilaha! Tasalla, ke ce ko fatalwa? Mun ci gumbar sadakarki, wallahi har na yi ƙari!”

Tasalla ba ta tanka ba.

“Ikon Allah. Jama'a, ku zo ku ga Tasalla an yi mata magana ta yi shiru. Lallai ta mutu.”

Malam Dogara ya taso. “Hajiya, ina kika shiga? Lafiya?”

Ta ture shi a hankali, ta kife wani turmi, ta hau. Ta ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Dagaci Jatau na zaune gaba cikin dattawa. Ta dube su duka, ta ga yadda rana ta ƙona su, ta ji zuciyarta ta yi sanyi, don ta san waɗannan mutane za su amsa ko da maƙogwaronsu zai tsage. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba duk tsawon hanyar nan.

Ta buɗe baki. Sunan ya fito da wata murya da ba tata ba, ƙasa ta girgiza.

“Rinda…”

Nan take kowa ya gane abin da ake faɗa. Hannun Dagaci ya tashi. Na liman ya tashi. Na Lantana, na samarin da suka dasa itatuwa, har na Malam Dogara da duk bokonsa. Kafin ƙiftawar ido gari guda ya toshe kunne ya sunkuyar da kai, cikin ladabi. Sauran sunan, dogo ne kuwa mai daɗi, ya fita ya bi iska, ba kunnen da ya tare shi.

Tasalla ta yi kururuwa da muryarta. “Ku amsa! Ku buɗe kunne ku amsa, don Allah!”

Suka sauke hannu ɗaya bayan ɗaya. Dagaci ya ce, “Mu amsa me?”

“Sunan! Ku faɗi sunan, su dawo!”

“To sake faɗa mana.”

Ta laluba bakinta da harshe. Wayam. Ko ɗanɗanonsa babu.

Lantana ta ce, “Ni dai Rinda na ji, kafin hannuna ya kai.”

“Ni ma.”

“Ni ma iyakar abin da na ji ke nan.”

Tasalla ta ce, “Ku faɗe shi haka nan.”

Da farko a ciki-ciki suka faɗa, kamar masu satar nama a miya. Sai Dagaci Jatau ya miƙe, ya cire rawaninsa, ya ɗaga kai ya ƙwala, “Rinda! Namu ne! Rinda!” Gari ya ɗauka. Can daga cikin kogon yamma, wata tsohuwar murya da aka kwance wa ƙyalle ta amsa, “Rinda.”

Inuwa ta komo daga arewa tana warwarewa. Ta rufe masallaci, ta rufe unguwar maƙera, ta zo daidai tsakiyar kasuwa ta tsaya cak, kamar an yanke ta da wuƙa.

Gefen yamma, mai kallon gari, bai sake fasuwa ba. Nakiyar da aka sa masa ta yi tus kamar jiƙaƙƙiyar ashana, bakin inji ya yi ta karyewa, ƙudan zuma suka kori duk wanda ya matso. Kamfani ya gaji ya bar shi. Amma gefen gabas ba wanda ya komo masa. Shi ya fashe kamar kowane dutse, tifa-tifa aka kwashe shi, da kogunan da suka ɓoye kakanni, da idon ruwan. Matan Zangon Kirya yanzu sai su yi tafiya mai nisa kafin su cika tulu.

Sunan kuwa, rabin da ya rage, ba inda ba a sa shi ba. An rubuta shi a bakin hanya da ƙofar makaranta, ana raɗa wa jarirai, 'yan ƙwallo ma sun ɗauka. Masu cewa alkunya ado ce suna nan, sai dai sun rage murya.

Bayan kaka Dagaci Jatau ya zo gidan Tasalla da ƙafarsa, ba ɗan rakiya. Ya same ta tana tsame kalwa daga tukunya. Ya tsaya a rana, don gidanta na ɓangaren da inuwa ba ta kai ba. Daga gabas ana jin tashin nakiya.

Ya ce, “Tasalla, ban zo da wata magana ba. So nake ki sani, ban yi niyya ba. Hannun ne ya tafi da kansa.”

Ta ajiye matsami ta dube shi. Duk garin an san abin da bakinta ke iya yi wa mutum, shi ma ya sani, ya tsaya yana jira.

Ta ce, “Na sani, ranka ya daɗe. Ni ma da a ƙasa nake zaune ranar nan, da nawa ya riga naka.”

Ta jawo masa tabarma gindin zaure, suka zauna har ƙurar gabas ta lafa.

Labarin nan iyakarsa ke nan. Wanda ya ce bai cika ba, gaskiyarsa, haka ya iso hannun masu ba da shi.